Masu Koyon Asirin Kwamfuta A Bainar Jama'a

Tun kaka da kakanni ba a koyon ƙira a ɗaki a kulle. Yaron da ubansa ya kai shi maƙera yakan fara da zuga, yana zaune gefe guda yana kallon yadda maigidansa ke tura ƙarfe cikin wuta, ya ciro shi da awartaki, ya ɗora bisa uwar maƙera ya yi ta bugu. Yakan ga ranar da fartanya ta fito sumul, ya kuma ga ranar da ƙarfe ya tsage aka mayar da shi wuta. Galibi ma ranar tsagewar ce ta fi ƙara masa sani, gama a ranar ne yake ganin abin da gwani ke yi idan aiki ya ƙi. Littafi kuwa, komai kyansa, fartanyar da aka riga aka gama ita yake nuna wa mutum.

To, ga shi wannan tsohuwar hanya ta sake ɓullowa a inda ba a zata ba, watau wajen koyon ilimin cikin kwamfuta. Tun bayan da aka buɗe dandalin Twitch a shekarar 2011, YouTube kuma ya ba kowa damar watsa shiri kai tsaye, sai aka sami waɗansu mutane a Amurka da Turai da Japan suna zama gaban na'urarsu, su buɗe wa duniya fuskar kwamfutarsu, su shiga aiki ana kallo. Ba a yanke inda suka yi kuskure, ba a ɓoye inda suka rasa ta cewa. 'Yan kallo na rubuto tambaya ko gyara nan take, mai aiki yana karantawa yana amsawa. Aikin da suka zaɓa kuwa shi ne mafi wuya a wannan fage: sanin yadda aka gina na'urar tun daga tushe, da yi mata magana da harshenta na asali.

ABIN DA KE ƘARƘASHIN GILASHI

Mai riƙe da waya yana ganin hoto da rubutu, amma a can ƙasa babu ko ɗaya daga cikinsu. Abin da ke akwai shi ne 'yan mitsi-mitsin makunnai da ake kira transista, kowanne ko dai ya bar wuta ta wuce ko ya tare ta. Idan wuta ta wuce a ce 1, idan ba ta wuce ba a ce 0. Wannan ƙwaya guda ita masana ke kira bit. Idan aka jera takwas sun zama bayit, wanda ke iya ɗaukar lamba daga 0 zuwa 255. Idan aka haɗa transista kaɗan sai a sami abin da ake kira ƙofa, wadda ke karɓar ƙwaya biyu ta fitar da ɗaya bisa wata ƙa'ida. Daga ƙofofi ake gina abin tara lissafi, daga su kuma ake gina ma'adanar da ke riƙe lamba har a zo nemanta.

Tsarin da kusan dukan kwamfutocin duniya ke bi an bayyana shi ne cikin wani rahoto da masanin lissafin nan John von Neumann ya rubuta a shekarar 1945. Jigon tsarin shi ne a ajiye umarni da lambobin da za a yi aiki a kansu a ma'adana ɗaya. Ran 21 ga watan Yuni na 1948 wata 'yar na'urar gwaji a Jami'ar Mancesta ta ƙasar Ingila ta zama ta farko da ta gudanar da umarni daga ma'adanarta ta lantarki. Tun daga ranar har yau aikin ƙwaƙwalwar kwamfuta bai wuce abu uku ba: ta ɗauko umarni daga ma'adana, ta gane abin da yake nufi, ta aikata, sa'an nan ta matsa ga na gaba. Akwai agogo a ciki mai buga mata taki, kamar yadda makaɗi ke yi wa manoma a gayya.

Abin da ya sake kawai shi ne yawa da sauri. Ƙwaƙwalwar Intel 4004 ta shekarar 1971 tana da transista kimanin 2,300. Ƙwaƙwalwar M1 da kamfanin Apple ya fitar a 2020 tana da miliyan dubu 16. Saboda haka ne masu koyo ba sa farawa da ta zamani. Sukan koma ga wata tsohuwa mai suna 6502, wadda ta fito a 1975 a kan dala 25, mai transista kimanin 3,500 da umarni iri 56 kacal. Ita ce ke cikin kwamfutar Apple II ta 1977, kuma ƙanƙantarta ta sa mutum ɗaya yana iya riƙe dukan halinta a kansa.

BIYAR A TARA DA UKU

Domin mai karatu ya ɗanɗana yadda abin yake, ga yadda ake sa 6502 ta tara 5 da 3. Ana zuba lambobi takwas a ma'adana bi da bi: 24, 169, 5, 105, 3, 141, 0, 2. Ga idon wanda bai sani ba wannan jeri ba ya nufin kome. Ga ƙwaƙwalwar kuwa umarni huɗu ne. Lamba 169 na nufin ta ɗauki lambar da ke biye, watau 5, ta sa a wani ɗan aljihu nata da ake kira A. Lamba 105 na nufin ta ƙara lambar da ke biye, watau 3, a kan abin da ke cikin aljihun. Lamba 141 na nufin ta kai amsar ma'adana ta ajiye, 0 da 2 kuwa su ne adireshin gidan da za ta ajiye, gida na 512, domin ita 6502 ƙaramin rabin adireshi take fara karantawa kafin babban, 2 sau 256 kuwa 512 ne. Wannan shi ne harshen inji. Da yake haddace lambobi yana da wuya, sai aka laƙaba wa kowane umarni gajeren suna mai harafi uku, aka kira wannan harshen asembili.

Saura lamba 24 ta farkon jeri, kuma a nan darasin yake. Duk wanda ya yi firamare ya san cewa idan an tara 7 da 5 ana rubuta 2 a riƙe 1. Ita ma ƙwaƙwalwar tana da wurin da take riƙe wannan 1 ɗin, kuma duk sa'ad da aka ce ta tara sai ta haɗa da abin da ta riƙe daga lissafin baya. Aikin 24 shi ne share wannan wuri. Idan mai rubutu ya manta da ita, to, yau amsa ta fito 8, gobe ta fito 9, gwargwadon abin da na'urar ta yi kafin nan. Babu ƙararrawar da za ta buga, babu saƙon da zai ce an yi kuskure.

Littafi zai ce a sa 24, ya wuce, mai karatu ya manta kafin ya juya shafi. Amma wanda ya zauna yana kallon mai koyo ya ga 9 ta fito, ya ga ya dafe kai, ya fara zargin waya, ya koma zargin ma'adana, kana ya rage gudun agogo yana bin umarni ɗaya bayan ɗaya har ya kama ɓarawon, wannan ya koyi abu biyu a zama guda. Ya san amfanin 24, ya kuma ga yadda ake farautar kuskure, wanda shi ne rabin sana'ar ko fiye. Gani ya kori ji.

MAƘERAN DA SUKA YI SUNA

Daga cikin waɗanda suka buɗe wannan hanya akwai Casey Muratori, Ba'amurke wanda ya daɗe yana rubuta manhajar wasannin kwamfuta. A watan Nuwamba na 2014 ya soma wani shiri mai suna Handmade Hero, inda ya ɗauri aniyar rubuta wasa sukutum tun daga layin farko a gaban jama'a, ba tare da aron kayan da wasu suka riga suka haɗa ba. Yakan yi aiki kamar na sa'a guda, sa'an nan ya amsa tambayoyi. Zaman ya wuce 600, har aka dakata wasan bai kammalu ba. Duk da haka ba a ce an yi asara ba, gama ɗimbin matasa a nan suka fara ganin yadda tsarin ma'adana ke sa manhaja ta yi sauri ko ta yi nawa.

Akwai kuma Ben Eater, shi ma Ba'amurke. Nasa ba kai tsaye yake watsawa ba, ɗauka yake yi ya sa a YouTube, amma hannunsa da wayoyinsa kawai ake gani, yana soka su ɗaya bayan ɗaya a allon gwaji mai ramuka. Da haka ya gina kwamfuta cikakkiya wadda ma'adanarta ba ta wuce bayit 16 ba, ga 'yan fitilu ko'ina suna nuna inda kowace ƙwaya ta nufa. A shekarar 2019 ya koma kan 6502. Dabarar da ya fara da ita abin sha'awa ce: ya ɗaure ƙafafun ƙwaƙwalwar yadda duk abin da ta nema sai ta sami lamba 234, wadda ma'anarta ita ce kada a yi kome, a wuce. Sai ga ta tana ta ƙirga adireshi ɗaya bayan ɗaya, fitilu na walƙiya, kowa ya ga bugun zuciyar na'ura da idonsa.

Na uku shi ne Andreas Kling, mutumin ƙasar Suwidin, wanda ya yi aiki a kamfanonin Nokia da Apple. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa a shekarar 2018, bayan ya fito daga gidan jinyar masu shaye-shaye, ya rasa abin da zai cika wuninsa da shi, sai ya soma rubuta babbar manhajar da ke tuƙa kwamfuta tun daga tushe, ya sa mata suna SerenityOS. Ya riƙa ɗaukar zaman aikinsa yana sawa a YouTube har da inda ya ɓata. Mutane suka taru suna sa hannu, a 2021 ya bar aikin albashi ya dogara ga gudummawarsu, a 2024 kuma ya miƙa ragamar aikin ya koma kan manhajar shiga intanet mai suna Ladybird wadda ta tsiro daga cikinsa.

INDA GWANI YA KOMA ƊAN KOYO

Waɗannan uku sun san yawancin abin da suke yi tun kafin su kunna kyamara. Inda aka ga koyo tsantsa shi ne aikin da ake kira Asahi Linux. Sa'ad da Apple ya fitar da kwamfutoci masu ƙwaƙwalwar M1 a ƙarshen 2020, bai buga bayanin yadda cikinta yake ba. Ma'ana, babu babbar manhajar da za ta iya tuƙa na'urar sosai sai tasa. Wani masani mai suna Hector Martin ya ce zai sa Linux, babbar manhajar nan ta kyauta wadda kowa ke iya karanta rubutunta, ta yi aiki a kai. Aka soma a farkon 2021. Asahi kuwa sunan da Japanawa ke kiran wani irin tuffa ne.

Da yake babu littafin da za a duba, sai ya rubuta wata 'yar manhaja mai suna m1n1 wadda ke shiga tsakanin manhajar Apple da ƙarfen na'urar, kamar mai laɓe a bayan zana, tana rubuta duk lambar da aka aika da adireshin da aka aika ta. Daga nan sai zato da gwaji: a canja ƙwaya ɗaya a ga abin da zai faru, na'ura ta sume, a tashe ta, a sake. Da yawa daga cikin wannan aiki a gaban 'yan kallo aka yi shi, sa'o'i masu yawa a jere.

A shekarar 2022 wata mai kiran kanta Asahi Lina, wadda ba ta nuna fuskarta sai hoton zane mai motsi, ta ɗauki ɓangaren da ya fi kowanne sarƙaƙiya, watau sashen da ke zana hoto. Ta tarar sashen yana da wata ƙaramar ƙwaƙwalwa tasa ta daban, wadda ba a yi mata magana sai ta hanyar jera lambobi a ma'adana bisa wani tsari da ba wanda ya sani a wajen kamfanin. Ta bi tsarin gida-gida tana gwadawa ana kallo, ta fara da harshen Python don gwaji, kana ta rubuta na ainihi da harshen Rust. Wata masaniya mai suna Alyssa Rosenzweig ta riƙe ɗaya ɓangaren aikin. A watan Disamba na wannan shekara aka saki manhajar ga jama'a. Duk wanda ya bi zaman ya ga cewa gwanaye ma laluben duhu suke yi. Abin da ya raba su da saura shi ne suna lalube bisa tsari, suna rubuta abin da suka gano, ba sa kuma jin kunyar cewa zatonsu na jiya kuskure ne.

INDA GIZO KE SAƘAR

Amma fa hanyar tana da ƙaya, ga mai aiki da ɗan kallo baki ɗaya. Shi mai aiki, taron da ya ba shi ƙarfi shi ne kan koma masa kaya. A watan Fabrairu na 2025 Hector Martin ya sauka daga shugabancin aikin, ya ambaci gajiya, da matsin masu amfani da manhajar waɗanda ba sa ƙoshi da neman ƙari, da saɓanin da ya shiga tsakaninsa da waɗansu manyan masu kula da Linux. Ba a daɗe ba ita ma Lina ta ba da sanarwar dakatar da nata aikin. Banda wannan, mai koyo a gaban jama'a yakan faɗa tarkon zaɓar abin da zai burge 'yan kallo ya bar abin da ya kamata ya sani, ko kuwa amsa ta riƙa zuwa masa daga masu rubutu tun bai yi gumin nemanta ba, amsar da ba a wahala a kanta ba kuwa ba ta cika zama a kai ba.

Shi kuma ɗan kallo, haɗarinsa ya fi ɓoyuwa. Mutum na iya kwashe wata shida yana kallo, yana gyaɗa kai, yana jin ya gane kome, ranar da aka ba shi allo fari ya kasa rubuta layi uku. Yaron maƙera da ya shekara yana kallo bai taɓa ɗaga masaba ba, ɗan kallo ne har yanzu, ko da ya san sunan kowane ƙarfe.

DALILIN DA YA SA ABIN YA SHAFI KOWA

Wani zai ce ina ruwan talaka da wannan zurfi, tun da waya na aiki? Amsar tana cikin abin da kan faru idan tushe ya motsa. Ran 4 ga watan Yuni na 1996 rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tarwatse kimanin sakan 40 bayan tashinta na farko, ta hallaka taurarin ɗan Adam huɗu da ta ɗauko. Da aka bincika sai aka tarar an yi ƙoƙarin cusa wata babbar lamba a gurbi mai ƙwaya 16, wanda ba ya ɗaukar abin da ya wuce 32,767. Ran 19 ga watan Yuli na 2024 kuma wani gyara da kamfanin tsaro na CrowdStrike ya aika ya sa manhajarsa ta nemi karanta wani wuri a ma'adana da ya wuce iyakarta. Kamfanin Microsoft ya ƙiyasta cewa kwamfutoci miliyan 8 da rabi ne suka tsaya, jirage suka kasa tashi, aiki ya tsaya a bankuna da asibitoci a ƙasashe da dama. Duka biyun 'yan'uwan mantuwar 24 ne, girma kawai suka fi ta.

Nijeriya ta ɗora albashi da ciniki da rajistar jarrabawa da katin zaɓe a kan waɗannan na'urori. Ƙasar da ta yi haka, alhali masu sanin cikinsu 'yan kaɗan ne, ta zama kamar mai doki wanda bai san ciwon doki ba. Ba kuwa basira aka rasa ba. Duk wanda ya leƙa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja ya ga samari suna ɗaga 'yan ƙananan sassa daga allon waya da iska mai zafi, sana'ar da suka koya ta hanyar zama kusa da maigida. Tsakanin hannun da ya iya wannan da kan da ya san abin da ke gudana cikin sassan, taki kaɗan ne ya rage.

Kayan ɗaukar takin kuwa ba su da tsada kamar da. Malamai biyu na ƙasar Isra'ila, Noam Nisan da Shimon Schocken, sun shirya wani darasi da aka fi sani da Nand2Tetris, littafinsa ya fito a 2005. Ana farawa da ƙofa iri ɗaya tak mai suna NAND, a bi ayyuka 12, a ƙare da kwamfuta mai gudanar da wasa. Manhajar gwajin kyauta ce, tsohuwar kwamfuta ta ishe ta, idan an sauke ta kuma ba ta bukatar intanet. Akwai kuma manhajoji na kyauta masu kwaikwayon 6502. Har ila yau akwai tsarin ƙwaƙwalwa mai suna RISC-V, wanda aka soma a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2010, wanda bayaninsa a buɗe yake, kowa na iya ƙera tasa bisa gare shi ba tare da biyan kuɗin izini ba.

Shawara ga mai niyya ita ce ya sa wa kansa doka: duk sa'a guda ta kallo, a biya ta da sa'a biyu ta aiki da hannu. Idan mai shiri ya ci karo da matsala, a tsayar da hoton, a rubuta zato a takarda, sa'an nan a saki a ga ko an dace. Wanda kuɗin data ko rashin wuta ya hana shi watsa nasa kai tsaye, kada ya ce ƙofa ta rufe. Abokai uku a zaure da kwamfuta ɗaya, ɗaya na bugawa yana faɗin abin da ke ransa da ƙarfi, biyu na kama masa kuskure, sun sami jigon abin. In kuwa ya sami hali ya ɗauka ya watsa, to, ya yi da Hausa, kada kuma ya yanke inda ya ɓata, domin wurin nan ne na bayansa zai fi amfana da shi.

Aikin farko ga wanda ya shirya yana nan a sama: lambobi takwas. Ya zuba su ya ga 8 ta sauka a gida na 512. Sa'an nan ya cire 24 ya sa 56 a madadinta, wadda ke umartar ƙwaƙwalwar ta riƙe 1, ya duba gidan ya ga abin da ya sauka, kana ya nemi wani ya bayyana masa dalili da bakinsa.